Bana: me ya sa ƙungiyoyin agaji ke haɗa fanfo da lakwal?

A ƙaramar hukumar Bana, cikin gundumar Gaya, ruwa ba ya da nisa a ƙarƙashin ƙasa, musamman a kwarin Dallol Foga. Sai dai kwarin na gishiri ne, don haka ba kowace rijiya ake iya shan ruwanta ba. Inda ruwan daɗi ya yi nisa, ƴan mata ne ke ɗaukar jarka tun da asuba, kuma su ne ke makara ko fashin lakwal.

Dalili ke nan ƙungiyoyi irin su Helvetas ta ƙasar Suwis, wadda ta yi aikin ruwan karkara a jahohin Dosso da Maraɗi, ke son fanfo ya kai har makaranta, tare da makewayi.

Gina shato ba shi ne abin wuya ba. Wuyar tana zuwa ranar da injin ya mutu. Ƙa'ida ita ce ƙaramar hukuma ta damƙa fanfon ga ɗan kasuwa, jama'a su biya kuɗin kowace jarka, a ware na gyara. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, kantoma ne ke sa ido kan wannan asusu, ba zaɓaɓɓen magajin gari ba.