Kunnen inji: ɗan ƙarfen da ke cin ribar masu mota a Kona

A Kona, kudu da Tasawa, mota ba abin ado ba ce. Ita ke ɗaukar gero da wake zuwa kasuwannin Tasawa da Mayahi da Maraɗi, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke sada ma'aikaci da wurin aikinsa. Saboda haka ranar da ƴar fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, mota ta yi nauyi cikin yashi, tana shan mai fiye da yadda ta saba, ba direba kaɗai ke shiga damuwa ba. Ɗan kasuwa yana kallon ribarsa tana ƙonewa a hanya, ma'aikaci kuma albashinsa ya ƙare tun wata bai raba ba.

Cikin abubuwan da ke haddasa wannan ciwo akwai wani ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannu ba, wanda ke ɗaure a jikin inji. Masu sayar da kayan gyara suna kiransa capteur de cliquetis da Faransanci. Idan aka dubi aikinsa, sunan da ya dace da shi a Hausa shi ne kunnen inji.

Daga kunnen makanike zuwa kunnen inji

A zamanin Peugeot 504, makanike ne ke saurare. Sai ya murɗa delko a hankali har ya ji inji ya daidaita. Amma motocin da suka yi ta shigowa daga Turai ta tashar jiragen ruwan Kwatano sun zo da ƙwaƙwalwar lantarki, wadda ita ke yanke lokacin da buji zai ba da wuta.

A ƙa'ida, mai da iskar da ke cikin silinda suna kamawa daga tartsatsin buji, su ƙone a jere. Idan zafi ya yi yawa ko man ba shi da inganci, ragowar da wuta ba ta kai gare ta ba takan fashe da kanta. Wannan ne ƙarar da ake ji kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Idan ta daɗe, tana karya zobban fistan, har ta huda fistan ɗin kansa.

A cikin kunnen akwai wani abu mai kama da tangaran, wanda ke fitar da ƴar wutar lantarki duk sa'ad da aka girgiza shi. Wasu ƴan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, su suka gano wannan ɗabi'a a 1880. Da kunne ya ji ƙarar, sai ya aika saƙo ta waya, ƙwaƙwalwa ta jinkirta wutar buji kaɗan har ƙarar ta lafa. Idan kuwa saƙo ya yanke, sai ta kunna fitila, ta jinkirta wutar gaba ɗaya domin kare inji. Nan ne asalin nauyin mota da yawan shan mai.

Ƙasar da kunne ba ya hutawa

Duk abin da ke tayar da wannan ƙara yana nan a jahar Maraɗi. Zafin watannin Afirilu da Mayu yana wuce digiri 40. Ana loda wa motoci fiye da ƙarfinsu, hanyoyin ƙauye kuma yashi ne. Ga kuma batun mai: shekara da shekaru yankin ya dogara ga esansin Najeriya da ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa cikin kwalabe, har bayan buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a 2011. Cire tallafin mai da Najeriya ta yi a watan Mayun 2023 ya rage wannan ciniki ƙwarai. Ba duk man kwalba ne gurɓatacce ba, amma wanda ya kwana cikin rana ko aka garwaya da kananzir yana saurin fashewa kafin lokaci.

Yadda ake gano inda ciwon yake

Matakin farko shi ne karanta abin da ƙwaƙwalwa ta riƙe. Motocin Amurka tun 1996, da masu esansi na Turai tun 2001, suna da kafar da ake jona na'urar bincike, wadda makanikai ke kira baliz. Lamba P0325 tana nufin matsala a hanyar wutar kunne, P0327 saƙo ya yi rauni, P0328 ya yi yawa. Tsofaffin Toyota na shekarun 1990 ba su buƙatar baliz: ana haɗa TE1 da E1 da guntun waya, a ƙirga ƙyaftawar fitila. Idan ta ƙyafta sau 5, ta dakata, ta ƙara 2, lamba 52 ke nan.

A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Lambar ba ta ce kunne ya mutu ba. Cewa ta yi saƙo ba ya isowa daidai. Sau da yawa laifin yana ga waya: zafi ya busar da robarta, ɓera ya gaigaye ta a motar da ta kwana kusa da rumbu, ko ruwan wankin inji ya shiga mahaɗinta ya yi tsatsa. Don haka makanike nagari yakan bi wayar da ido da hannu, sa'an nan ya auna ta da ma'aunin lantarki tun daga kunne har ƙwaƙwalwa, ya tabbata ba ta tsinke ba, ba ta kuma taɓa jikin ƙarfe.

Sai waya ta fita daga zargi ake auna kunnen. A yawancin injinan Toyota masu kunne mai waya 2, ma'auni zai nuna tsakanin kilo'om 120 da 280. Tsohon samfuri mai waya 1 kuwa, ana ƙwanƙwasa jikin inji kusa da shi da sifana, a ga ko ƴar wuta ta motsa a ma'auni. Idan aka sa sabo, a goge mazauninsa, a ɗaure shi gwargwado, wajen niyutan-mita 20 ga mai waya 2. Sako-sako yana kurmantar da shi, matsewa fiye da kima tana fasa shi.

Wani lokaci kuma kunne gaskiya yake faɗa. Idan inji yana zafi, ko dauɗar hayaƙi ta taru a kan fistan, ko man ba shi da kyau, canza kunne ba zai hana ƙarar ba.

Dabarar da ke kashe inji

Akwai gajerun hanyoyi biyu da ya kamata mai mota ya ƙi. Ta farko ita ce cire ƙwan fitilar gargaɗi, abin da wasu ke yi kafin su sayar da mota. Mai saye ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba: in fitilar ba ta kama ba, an taɓa ta. Ta biyu ita ce kwance kunnen a rataye shi nesa da jikin inji. A wasu motoci fitila takan mutu, ƙarfi ya dawo, mai mota ya biya yana godiya. Amma ƙwaƙwalwa ta kurmance, kuma ranar da ƙarar ta taso a kan kwaltar Damagaram da cikakken lodi, babu abin da zai jinkirta wuta. Hausawa sun ce wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Kafin ɗan kasuwar Kona ya aika Maraɗi ko Kano a sayo masa sabon kunne, tambayoyi 3 sun wajaba ya yi wa makanikensa: wace lamba ta fito, an auna waya, me ma'auni ya nuna? Guntuwar waya kuɗinta kaɗan ne, amma sauke inji yana iya cinye ribar kaka guda.