Ko Kun Sani?

Cutar da ke fesa wa tumaki da awaki ƙuraje, da wadda ke sa fatar shanu ta yi kulu-kulu, danginsu ɗaya da agana da ƙyandar biri. A gari kamar Potiskum, mai ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, wannan magana ta shafi kowa.

Idan ƙwayar cuta ta kutsa cikin ƙwayar halittar jiki, wani sinadari mai suna cGAS yakan gano baƙon, ya aika saƙo a fito da intaferon, makamin farko na garkuwar jiki. Wasu 'yan wannan dangi kuwa sukan tare saƙon a hanya, kamar ɓarawon da ya toshe bakin mai gadi kafin ya yi kururuwa. A 2019 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka suka gano sinadarin da ke tsinka saƙon, suka sa masa suna poxin. Wasu ƙwayoyin cutar kuma sukan saki tarko ya kama intaferon ɗin kansa.

Duk da waɗannan dabaru, rigakafi ne ya kawar da agana daga duniya a 1980. Makiyaya, a yi wa dabbobi allura, a ware maras lafiya kafin ranar kasuwa.