Azola: Ciyawar Ruwa Mai Yi wa Shinkafa Taki

Takin zamani yana da tsada. Amma a ƙasashen Sin da Biyetnam, manoman shinkafa sun yi ɗaruruwan shekaru suna samun taki daga wata 'yar ciyawa mai yawo a kan ruwa. Sunanta azola. Ba kainuwa ba ce, ganyenta ƙanana ne ƙwarai.

Shinkafa tana bukatar naitirojin, wato sinadarin da ke cikin takin yuriya. Kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska.

A cikin kowane ganyen azola akwai ɗan rami. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu suna anabina, suna zaune a ciki. Su ke kamo naitirojin daga iska, su mai da shi sinadarin amoniya. Azola ta tsotse shi, ta gina jikinta. Ita kuma ta ba su masauki da sukari. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan.

Manomi yakan baza azola a ruwan gonarsa. In ta rufe ruwan, sai ya tattake ta cikin laka. Da ta ruɓe, shinkafa ta sami taki. Sai dai azola ba ta jure tsananin zafi, kuma in ruwa ya ƙafe takan mutu.