Galabaitar Ɗaliban Aikin Jinya: Musabbabanta da Darasin Gonakin Ƙasar Kano



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba wata matsala da ke damun ɗaliban aikin jinya da na ungozoma, musamman 'ya'yan manoman arewacin ƙasar Kano, watau yankunan Dambatta da Bichi da Makoɗa da Minjibir da Dawakin Tofa. Matsalar kuwa ita ce, ɗalibi yakan shiga makaranta da ɗoki da himma, amma kafin ya kammala sai ka ga jikinsa ya mutu, karatu ya fita ransa, har ya soma ƙosawa da majinyatan da ya zo koyon taimakonsu. Sau da yawa akan ce ragwanci ne. Ni kuwa ina so in nuna cewa abin yana da musabbabai sanannu, kuma yawancinsu suna hannun hukuma da malamai.

Ma'anar Galabaita

Turawa sun ba wannan hali suna mai nufin ƙonewa ƙurmus, kamar lagwanin fitilar da mai ya ƙare mata. A nan za mu kira shi galabaita. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, shi ya fito da batun fili a 1974, bayan ya lura da yadda masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta suke lalacewa a hankali. A 1981 Christina Maslach da Susan Jackson suka tsara ma'aunin auna shi, suka ce alamominsa uku ne: gajiyar da barci ba ya kawar da ita, da bushewar zuciya ga aiki da mutanen da ake yi wa aikin, da kuma jin cewa mutum bai iya komai ba. A 2002 Wilmar Schaufeli na ƙasar Holan da abokan aikinsa suka daidaita ma'aunin domin ɗalibai. Ita kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 cewa galabaita hali ne da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo wanda ba a shawo kansa ba, ba ta lasafta shi cikin cututtuka ba.

Darasin Gona

Domin mu fahimci yadda abin yake faruwa, mu dubi gonakin da waɗannan ɗalibai suka taso a cikinsu. Tun wajen 1965 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi rubutu a kan karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka yi yawa har babu filin barin saura. Kowace shekara ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, amma duk da haka ƙasar ba ta mutu ba. Dalili kuwa shi ne manomi yana mayar mata da abin da ya ɗiba: takin tumaki da awaki, da toka, da sharar birni wadda akan ɗauko a mangala bisa jakuna da rani. Gonar da aka hana wa taki ita ce wadda akan ce ta gaji, kuma babu manomi mai hankali da zai zagi gonar. Haka ɗalibi yake. Masu bincike sun daɗe da gano cewa galabaita tana zuwa ne idan abin da ake nema daga mutum ya rinjayi abin da ake tallafa masa da shi, kuma aka daɗe a haka.

Musabbabai

Na farko shi ne nauyin karatu da tsoron sallama. Majalisar Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa da Doka ta 89 ta 1979, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta yi wa rajista. A tsarin shekara uku da aka daɗe ana bi, ɗalibi yakan yi wata shida na share fage, sa'an nan ya zauna jarrabawar da ake tankaɗe da ita. Wanda ya faɗi sai gida. Ɗalibin da ya fara karatu da kwanan zaune na wata shida ya riga ya cinye guzurinsa tun tafiya ba ta yi nisa ba.

Na biyu shi ne harshe. Ana koyarwa da Turanci, sunayen gaɓoɓi da cututtuka kuwa yawancinsu daga Latin da Girkanci suke. Yarinyar da ta fito daga makarantar sakandare ta ƙauye aikinta biyu ne, koyon ilmin da koyon harshen da aka zuba ilmin a ciki. Abin da ɗan birni zai karanta cikin sa'a ɗaya, ita sai ta raba dare a kansa.

Na uku shi ne aikin asibiti. A 2024 magatakardan Majalisar ya bayyana cewa ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Inda ma'aikata suka yi ƙaranci, ɗalibin da aka turo koyo yakan zama ma'aikaci ba albashi: ya yi aikin dare, da safe kuma ya shiga aji. Daɗin daɗawa, a nan ne zai fara ganin mace ta rasu wurin haihuwa, ko yaro ya cika a hannunsa, kuma ba safai ake samun wanda zai zauna da shi a tattauna ba. Idan aka ƙara masa da tsawa a gaban majinyata, sai ya koyi daurewa ta hanyar kashe tausayinsa. Wannan ita ce alama ta biyu da muka ambata.

Na huɗu shi ne kuɗi da noma. Kuɗin makarantar ɗan manomi daga buhun gero yake fitowa, ko daga akuyar mahaifiyarsa. A watannin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, aike daga gida yakan yanke. Cire tallafin man fetur a 2023 ya sa kuɗin mota da na abinci suka hau. Hutun ɗalibi namiji kuwa a kan fartanya yake ƙarewa.

Na biyar shi ne nauyin gida da kunya. Ɗaliba mai aure tana haɗa karatu da ciki ko goyo da girki. Har wa yau, tun shekarar farko mutanen garinsu sun fara kiranta likita, ana kawo mata takardun magani ta duba. To, da wane baki za ta ce ta gaji? Tarbiyyarmu ta kawaici, wadda abar yabo ce a wurare da yawa, a nan takan sa ɗalibi ya haɗiye damuwa har ta ci shi.

Na shida shi ne rashin sanin ranar gamawa. Masu digiri na shekara biyar a jami'o'in gwamnati, irin su Jami'ar Bayero, sun zauna wata takwas a gida saboda yajin aikin malamai na 2022. Matafiyin da bai san inda zango yake ba ya fi saurin karaya.

Abin Yi

An taɓa gwada magani a ƙasar nan. Daga 2012 zuwa 2020 an gudanar da wani shiri na horar da mata ma'aikatan lafiya a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, da taimakon gwamnatin Ingila. Akan zaɓo 'yan mata da matan aure daga karkara, a ba su shekara guda ta share fage a Turanci da kimiyya kafin su nemi shiga makarantun jinya da ungozoma, aka kuma gina ɗakunan kwana na masu goyo da wuraren reno. Wannan shi ne taki.

Saboda haka, ga ma'aikatan gwamnati da ke nan, ina ba da shawara huɗu. A riƙa biyan alawus ɗin ɗalibai a kan kari, tun ba ma da damina ba. A hana sa ɗalibi aji washegarin aikin dare. A naɗa wa kowane rukunin ɗalibai malami mai kula da su a asibiti, wanda zai zauna da su duk lokacin da aka yi rashi a hannunsu. A kuma ɗauki ɗalibai daidai da adadin da Majalisa ta yarda, domin jarrabawa ta daina zama wuƙar yanka. Ku kuma ɗalibai, idan barci ya ƙaurace muku na makonni, ko kuka ji rayuwa ta fita ranku, ku ga likita ba tare da jinkiri ba, domin galabaita takan tafi tare da ciwon damuwa, shi kuwa yana da magani.

Daga ƙarshe, mu tuna cewa yarinyar da ke karatu yau a Makarantar Ungozoma ta Dambatta ita ce za ta karɓi haihuwa a Kunchi ko Tsanyawa nan da 'yan shekaru. Idan ta fita da busasshiyar zuciya, ko ta bar karatun a tsakiya, matan waɗannan garuruwa su za su biya kuɗin.