Likitan Kwantiragi: Me Kuɗin Shekara Ke Saye?

A shekarar 1996 ne wasu likitoci a birnin Siyatil na Amurka suka ɓullo da tsarin da mutum zai biya kuɗin shekara, likita kuma ya rage yawan waɗanda yake dubawa. Kamfanin MDVIP da aka kafa a 2000 ya tsayar da adadin a mutum 600, alhali likitan gama-gari a can yakan riƙe sama da 2,000.

Lokacin likita ake saye, ba magani ba. Kwanciya asibiti, tiyata da wankin ƙoda (ciwon ƙoda kuwa ya daɗe yana addabar Gashuwa) duk lissafinsu daban ne, shi ya sa tsarin bai maye gurbin inshorar lafiya da dokar 2022 ta wajabta a Nijeriya ba.

Makamancinsa a nan shi ne yarjejeniyar da bankuna da kamfanoni ke ƙullawa da asibitocin kuɗi domin ma'aikatansu. Attajirin Jajimaji, wanda in ciwo ya tsananta sai an garzaya da shi Nguru ko Gashuwa, zai so likitan da zai amsa wayarsa da tsakar dare. Sai dai bisa lissafin Amurka, duk likitan da ya koma wannan tsari ya sallami mutum 1,400 ke nan, a yankin da dama likitocin ba su wadata ba.