Matan Farko a Tafiyar Sama Jannati

Mutanen Rijiyar Lemo da Fagge sun saba da rurin jiragen da ke tashi da sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, amma kaɗan ne suka san an taɓa yin magana da ɗan sama jannati daga garin nan. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka ta kafa tasha a Kano, ɗaya daga cikin tashoshin da ta jera a faɗin duniya don bibiyar kumbunan shirin Mercury. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, ɗan sama jannati John Glenn ya ratsa ta saman ƙasar nan a kumbonsa, ya yi magana da tashar Kano, ya kuma ba da labarin ƙurar da ya hango ta turnuƙe hamada.

Hanyar da kumbon nasa ya bi, mace ce ta tabbatar da lissafinta. Sunanta Katherine Johnson, baƙar fata, gwanar lissafi a NASA. Hankalin Glenn bai kwanta da alƙaluman kwamfuta ba sai da ta zauna ta sake lissafa su da ɗan injin lissafinta na kan tebur.

An yarda mace ta yi lissafi, amma shiga kumbo an ce sai maza. A 1960 da 1961 Likita Randolph Lovelace, wanda ya duba lafiyar mazan Mercury, ya yi wa waɗansu mata matuƙa jirgi irin gwajin nan. An ɗura musu ruwan ƙanƙara a kunne don jiri ya ɗebe su, an sa sun haɗiyi bututun roba don a auna ruwan cikinsu. Mata 13 suka ci, Jerrie Cobb ce ta farko. Sai dai sharaɗin NASA shi ne mutum ya zama matuƙin gwajin jiragen jet, aikin da sojan Amurka ba ya ba mata a lokacin. Kamar a hana mutum shiga kogi ne, sannan a ce bai iya iyo ba. Cobb ta kai kuka Majalisar Dokokin Amurka a Yulin 1962, ba ta samu biyan buƙata ba.

Tarayyar Sobiyet ce ta riga Amurka aika mace sararin samaniya. Valentina Tereshkova 'yar talakawa ce daga yankin Yaroslavl, an haife ta a 1937. Mahaifinta direban tarakta ne, ya rasu a yaƙi tana ƙarama, ita kuma ta bi mahaifiyarta aikin masaƙa. Abin da ya kai ta gaba shi ne dirowa da laima daga jirgi, wanda ta fara koyo a 1959, domin matuƙin kumbon Vostok ba ya sauka a cikinsa: idan ya rage kamar kilomita bakwai zuwa ƙasa, kujera ce ke cillo shi waje, ya ƙarasa da laima. Ranar 16 ga Yuni, 1963, ta tashi a Vostok 6 tana da shekara 26, ita kaɗai a wani ɗan ƙoƙon ƙarfe. Ta kewaya duniya sau 48 cikin kusan kwana uku, tana fama da tashin zuciya da ciwon jiki, tana ɗaukar hotuna tana rubuta abin da ta gani. Lokacin da ta yi a sama ya fi na duk mazan Mercury idan an haɗa. Har yau babu wata mace da ta sake zuwa ita kaɗai.

Su ma Sobiyet ba za a wanke su ba. Riga Amurka suke so, da suka samu sai suka juya baya. Mata huɗun da aka horar tare da Tereshkova ba wadda ta tashi, kuma sai da aka yi shekara 19 kafin Svetlana Savitskaya ta je a 1982. Sally Ride ta Amurka ta biyo baya a 1983. Mae Jemison, likitar da ta yi aiki a Saliyo da Laberiya, ita ce baƙar mace ta farko, a 1992.

Cikin matan nan 13 da suka ci gwajin Lovelace, guda ɗaya ce tak ta leƙa sararin samaniya. Wally Funk ce, a kumbon kamfanin Blue Origin, ranar 20 ga Yuli, 2021, tana da shekara 82.