Kyamarar zafi a tafkin Kainji: sai an saita ta take gani

Duk wanda ya tuna kifewar jirgin ruwa kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, cikin watan Mayun 2021, ya san aikin ceto a tafkin Kainji yana wuyan masunta ne da gwanayen iyo. In duhu ya rufa, idanunsu ba sa kai wa nesa. A nan kyamarar zafi za ta yi rana, domin ba ta buƙatar fitila. Tana ɗaukar ɗumin da kowane jiki ke fitarwa, wani haske da ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a 1800, ta mai da shi hoto.

Sai dai in aka bar ta ta saita kanta, takan duba abu mafi zafi da mafi sanyi a gabanta, ta raba launukanta a tsakaninsu. To, da zarar injin jirgi ya shigo cikin hoton da zafinsa mai yawa, shi ke nan, ya kwashe launukan. Kan mutumin da ke yawo a ruwa, jiƙaƙƙe, wanda da kaɗan ya fi ruwan ɗumi, sai ya saje da tafkin. Mai riƙe da kyamarar ya kamata ya karɓi saitin da hannunsa, ya ƙuntata tazarar zafin zuwa 'yan digiri kaɗan a kewayen ɗumin ruwan. Injin zai koma farin dunƙule marar fasali, ba komai, ba shi ake nema ba. Kan mutum kuwa zai fito fili, haka ma na dorina, wadda masuntan Yauri suka san haɗarinta.

Launuka masu yawa suna burge ido, amma a ganina fari da baƙi sun fi dacewa da neman mutum, ido ba ya gajiya da su. A daidaita kaifin hoto tun kafin a ɗauka, don shi ba ya gyaruwa daga baya.

Akwai kuma saitin da ke gaya wa kyamara yawan ɗumin da abu ke saki. Na fatar mutum kusan 0.98 ne, ƙarfe mai sheƙi kuwa ƙasa da 0.1, shi ya sa yake yaudarar masu duba wayoyin lantarki. Amfanin wannan saitin wajen auna digiri ne, mai ceto bai cika buƙatarsa ba.

Abin da dole a faɗa wa jama'a shi ne, kyamarar nan ba ta ganin ƙarƙashin ruwa, ko ta cikin gilashi ma ba ta gani. Wanda ya nutse ya ɓace mata. Saboda haka duk hukumar da za ta saye ta don Yauri, Shanga ko Ngaski, ta haɗa da rigunan kariya ga fasinjoji, tun da su ne ke riƙe kan mutum a saman ruwa har a iso gare shi.